Zafin Bazara da Hadarin Farkon Damina a Manchok

A Manchok da Kafanchan zafi yakan tsananta a watan Maris da farkon Afrilu. A lokacin ne iska mai laima daga Tekun Atlantika take kutsowa arewa, ta ture busasshiyar iskar Sahara. Idan ƙasa ta ɗau zafi sai iskar ta tashi sama, duwatsun Kagoro su ƙara tunkuɗa ta, hadari ya haɗo da la'asar.

Ana gargaɗin manoma da makiyaya kada su fake a gindin bishiya. In daƙiƙa 3 ce tsakanin walƙiya da ƙarar aradu, to, nisan tsawar kilomita 1 ne kacal. A shiga ɗaki nan da nan. Ruwan farko kuwa yakan ɗauke, don haka a dakata da shuka sai ƙasa ta jiƙe sosai.