Darasi na Bakwai: Faɗuwar Rana a Madatsar Ruwa ta Usuma

Abuja ba ta da teku, amma ba ta rasa bakin ruwa ba. In ka nufi Ushafa, a yankin Bwari, za ka tarar da madatsar ruwa ta Usuma a tsakanin duwatsu. Daga nan ake tace ruwan da birnin yake sha.

Ka je da la'asar sakaliya, ka sami wuri ka zauna shiru, domin tsuntsu ba ya son hayaniya. Da farko za ka ga balbelu, farare fat. Sun yini suna bin shanu suna cin ƙwarin da kofato ya tayar, yanzu kuma suna komowa jere a kan ruwa zuwa itatuwan da suke kwana. Zalɓe kuwa yana tsaye a gefe kamar an dasa shi, yana jiran kifi.

A watan Disamba rana takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara takan dusashe haskenta, har ta zama ja kamar garwashi. Da magariba sai jemagu su fito neman 'ya'yan itace. Mutane da yawa suna ƙyamar jemage, alhali shi ne yake baza irin itatuwa a daji. Inda aka sare itatuwa don gawayi, balbela da jemage kan rasa makwanci, ruwan sama kuma ya kwashi ƙasa ya zuba cikin madatsar.

Aiki: Wane tsuntsu kake gani kusa da gidanku da yamma? Bayyana shi da jimloli uku.