Darasi Domin Masu Mota: Ƙonewar Gasket Da Tsatsar Lagireto

Sau da yawa mu kan ga mota tsaye a gefen hanya, musamman a wurin tudu kamar Hawan Kibo a hanyar Jos. Tururi yana tashi daga inji, fasinja kuwa sun zauna a inuwa sun yi tagumi. Wani lokaci har da majinyaci a ciki, ana so a kai shi asibiti. In ka tambayi direba, sai ya ce maka, "Gasket ya ƙone." Ya kan biya makanike a sa sabo, amma kafin wata uku ga shi kuma a gefen hanya. Don me? Don an kashe maciji ba a sare kansa ba. Gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Zafi ne ya ke cinsa, zafin kuwa sau da dama tsatsa ce ta ke kawo shi.

Mene ne gasket?

Jikin inji kashi biyu ne. Akwai gangar jiki, wadda makanikai su ke kira bulok, inda fistin su ke hawa da sauka. Akwai kuma kai, watau top silinda, wanda ya ke rufe ta daga bisa. A tsakaninsu a ke shimfiɗa gasket, wani falle ne mai ramummuka. Wuta, da ruwa, da baƙin mai, duka uku suna da hanyarsu a wurin. Aikin gasket shi ne ya hana kowannensu shiga hanyar ɗan'uwansa.

Kan yawancin ƙananan motoci na alminiyam ne. Alminiyam kuwa in ya sha zafi ya kan buɗe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka in zafi ya wuce kima, sai kan ya tanƙware, ya daina danne gasket, wuta ta sami ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

Alamun da za ka gani

1. Farin hayaki mai kauri daga salansa, ba ya dainawa ko da inji ya ɗumama.
2. Baƙin mai ya juya ya zama kamar shayi da madara.
3. Ruwa yana raguwa kullum, ba a ga inda ya ke yoyo ba.
4. In ka buɗe lagireto da safe, inji da sanyi, ka tada mota, kumfa tana tasowa ba fasawa.

In ka ga haka, ka ajiye motar. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya cika silinda, ya kan lanƙwasa sandar fistin, ƙaramin gyara ya zama babba.

Ga gargaɗi. Kada ka buɗe murfin lagireto sa'ad da inji ya ke da zafi. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, a Jos kuwa wajen 96 saboda tudu. Amma murfin nan yana danne ruwan har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da ka buɗe, sai ya yi tsiri ya sale maka fuska da hannu. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, gama ƙarfe ya kan tsage.

Yadda a ke gyara

Ka bar inji ya huce sarai. Ka cire wayar batir, ka tsiyaye ruwa da mai. Kowane abin da ka kwance, ka ajiye shi bi da bi a kan tabarma mai tsabta. Kafin ka cire bel ko sarƙar taimin, ka daidaita alamominsu. Notin kai a kan sassauta su kaɗan kaɗan, a fara daga gefe a nufo tsakiya.

Bayan ka ɗaga kan, ka kankare ragowar tsohon gasket a hankali, kada ka ƙarce alminiyam. Sa'an nan ka aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, a tsaye da a karkace, ka gwada da ma'aunin tsakani. Injuna da yawa ba su yarda da tanƙwara fiye da milimita 0.05 ba, amma ka duba littafin motarka. In ta wuce haka, sai a kai wurin masu injin goge ƙarfe, su duba kuma ko akwai tsaga. Sabon gasket a kan tanƙwararren kai asarar kuɗi ce.

Ka share ramukan noti, gama ruwa ko mai da ya kwanta ciki ya kan fasa bulok sa'ad da a ke ɗauri. Ka shimfiɗa sabon gasket, ka lura da wajen da ya ke bisa. Kada ka shafa masa gam sai in littafi ya ce. Ɗauri kuwa daga tsakiya a ke farawa a nufi gefe, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awon ƙarfi. A injuna da yawa notin nan su kan miƙe in an ɗaure, don haka a kan sa sababbi. Kada ka yi garaje, gama sauri ya kan haifi nawa. Daga ƙarshe ka sa sabon mai da sabuwar matata.

Wanke tsatsa

Yanzu fa mun zo kan macijin. Ruwan rijiya zalla yana cin ƙarfe, yana kuma barin farar ƙasa kamar wadda ka ke gani a gindin butar shayi. Tsatsa da ƙasan nan su kan toshe siraran bututun lagireto, su ci fukafukan famfon ruwa. Ruwa ba ya zagayawa, zafi kuma ba ya fita.

Ka cire tiyo na bisa da na ƙasa. Ka tura ruwa cikin lagireto daga ƙasa ya fita ta bisa, watau saɓanin yadda ya saba bi, don datti ya kuɓuce. Haka za ka yi wa bulok, bayan ka cire tamostat, watau ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Sa'an nan ka mayar da kome, ka zuba maganin wanke lagireto bisa ga ƙa'idar da ke jikin gorarsa, ka bar inji ya yi aiki. In ya huce ka tsiyaye, ka ɗauraye, ka maimaita har ruwa ya fito garau. Kada ka sa sodar sabulu, gama tana cinye alminiyam. Lagireton da ya toshe ƙwarai, sai a kai wa masu gyaransa ko a sake shi.

Wasu su kan jefar da tamostat, suna cewa ƙasarmu da zafi. Kuskure ne, gama injin da bai ɗumama daidai ba ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa. Ka gwada shi cikin tukunya a kan wuta. Mai kyau ya kan buɗe wajen digiri 80 zuwa 90, lambar tana rubuce a jikinsa. Ka duba murfin lagireto, da fanka, da fanbel, da famfon ruwa.

Daga nan ka cika da ruwan sanyaya inji, mai launi, wanda a ke sayarwa cikin jarka. A cikinsa akwai maganin tsatsa. Wani a gauraye ya ke zuwa, wani kuwa sai ka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Ka bar iska ta fita kafin ka rufe. Irin na yau da kullum a kan sake shi bayan shekara 2. Amma ka sani dafi ne, yana kuwa da zaƙi. Ka ɓoye shi daga yara, kada ka zubar da tsohon inda awaki da karnuka za su lasa.

Ɗan'uwa, kuɗin jarka guda bai kai kuɗin top silinda ba, balle ran majinyacin da ke jira a gefen hanya. Kowace safiya ka duba ruwa kafin ka tada mota, a hanya kuma idonka ya riƙa komawa kan allurar zafi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abu uku ne gasket ya ke rabawa?
2. Don me ba a buɗe lagireto da zafi?
3. Daga ina a ke fara ɗaure notin kai?
4. Me zai faru in an sa sabon gasket ba a wanke tsatsa ba?