Wasiƙa Ga Matasa Masu Niyyar Ratsa Sahara

Ƙannena maza da mata,

Na rubuto muku ne kan abin da da yawanku ke juyawa a zuci: a zauna gida cikin babu, ko a bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya neman arziki. Ba zan ce muku zaman gida da daɗi ba. Saurayin da ya wayi gari ba ko sisi, ga iyaye sun tsufa, ga ƙanne sun zuba masa ido, shi ya san zafin da yake ji.

Sai dai kafin ku ɗaura aniya, ku auna daɗin da wahalar da gaskiya. Daɗin tafiya shi ake tallatawa: hoton wanda ya dace a Facebook, da gidan da ya gina wa uwarsa. Wanda bai dace ba kuwa ba ya aiko hoto. A watan Oktoba na 2013, an tsinci gawarwaki 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. A 2017 kuma gidan talabijin na CNN ya nuna yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya. Su ma da kyakkyawan fata suka bar gida.

Saboda haka kada ku tsaya ga tambayar wanne ya fi daɗi yau. Ku tambayi kanku: wannan wahalar, in ta same ni, ana farfaɗowa daga ita? Wahalar koyon ɗinki ko kanikanci ko noman rani tana da iyaka, kuma tana barin sana'a a hannu. Jari in ya karye, ana sake tarawa. Rai kuwa ɗaya ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Ku nemi waɗanda suka je suka dawo hannu rabbana, ku ji ta bakinsu, ba ta bakin dillalin da zai karɓi kuɗinku ba. Ku yi shawara da iyaye, ku yi istihara. In tafiyar ta zama dole, ku nemi fasfo da biza ku bi halastacciyar hanya, ko da za ta ɗauki lokaci.

Allah Ya yi muku zaɓi mafi alheri, amin.

Wassalam,
Yayanku mai ƙaunarku.