ƘUGIYAR ƊAGA KAYA: ME KE HANA TA KIFEWA?

Gabatarwa

Ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin Dalijan da Birnin Kebbi zai iya cin karo da wata mota mai dogon hannu, ko dai tana sauke taransifoma, ko tana tayar da babbar motar da ta faɗi da buhunan shinkafa. Wannan ita ce ƙugiya mai tafiya da kanta. A wannan darasi za mu duba ƙirarta, da kuma ƙa'idar da ke hana ta kifewa.

Sassanta

Manyan sassanta huɗu ne. Akwai hannu, wanda ake miƙa shi a kuma zuƙe shi kamar eriyar rediyo. Akwai igiyar ƙarfe mai ƙugiya a bakinta. Akwai tubalan ƙarfe masu nauyi da ake ɗorawa a baya. Sannan akwai ƙafafu huɗu da ake miƙawa gefe su dafa ƙasa kafin a soma aiki.

Mai ne ke ɗaga hannun, famfo na tura shi cikin bututu. Tun ƙarni na 17 Blaise Pascal na Faransa ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi yakan isa ko'ina daidai wa daida. Da haka ƙaramin famfo ke motsa babban kaya.

Nauyi da Nisa

Ka riƙe bokitin ruwa kusa da jikinka, sannan ka miƙa hannunka da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma za ka ji yana neman kayar da kai. Dalili shi ne, ƙarfin da ke karkata abu daidai yake da nauyi sau nisa.

Mu ƙaddara tubalan baya tan 10 ne, kuma nisansu daga ƙafafun gaba mita 3 ne. Wato 10 sau 3, ya ba da 30. Idan muka ajiye nauyin hannun da na motar a gefe, kayan da ke nisan mita 5 bai kamata su kai tan 6 ba. A nisan mita 10 kuwa, tan 3 ya isa ya kifar da ita. Shi ya sa kowace ƙugiya ke da jadawalin da matuƙi ke dubawa kafin ya ɗaga komai. Ƙasa mai laushi, irin ta fadama, takan sa ƙafa ɗaya ta nutse, lissafin ya rushe.

Darasi daga Makka

Iska ma nauyi ce a wurin dogon hannu. A ranar Juma'a 11 ga Satumba, 2015, guguwa ta kifar da wata ƙugiya mai tafiya a kan sarƙa a Masallacin Harami. Fiye da mutum 100 suka rasu, ciki har da alhazan Nijeriya. Allah ya jiƙan su. Bincike ya nuna an bar hannunta a tsaye, saɓanin umarnin waɗanda suka ƙera ta.

Saboda haka, duk inda ake aiki da ƙugiya, kada a taru kallo a kusa, kada kuma a bi ta ƙarƙashin kayan da ke rataye.

Aikin Aji

Malami ya ɗora rula a kan fensir, ya jera murafan kwalba biyu a gefe ɗaya, nisan santimita 5. Ina za a ajiye murfi ɗaya a ɗaya gefen domin rular ta daidaita?