Zungeru, Tsohuwar Hedkwatar Arewa

Zungeru wani ƙaramin gari ne a Jihar Neja, a bakin Kogin Kaduna, arewa maso yamma da Minna. Wanda ya ratsa ta cikinsa yau da kyar zai yarda cewa a dā daga nan ake mulkin Nijeriya ta Arewa duka. Amma kuwa haka aka yi.

Kafin zuwan Turawa wurin ɗan ƙauye ne na Gwarawa, manoma da masunta, ana ce da shi Dungurum. A shekarar 1900 Turawan Ingila suka shelanta mulkinsu bisa Arewa a Lakwaja, Gwamna Lugga kuwa ya zauna a Jaba. Amma Jaba ta yi nisa da manyan garuruwan Hausa, saboda haka ya nemi wani wuri gaba. A 1902 ya ƙaura zuwa Zungeru, don tana kusa da Bida da Kwantagora, kuma tana kan hanyar Zariya da Kano.

Da damina jiragen ruwa sukan hau Kogin Kaduna da kaya, su sauke a Barijuko, domin duwatsu ba sa barinsu su ƙarasa. Daga can aka shimfiɗa wata 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa har cikin gari. Nan da nan aka gina gidan Gwamna, da ofisoshi, da barikin soja, da asibiti, da kurkuku. A 1903, da aka ci Kano da Sakkwato da yaƙi, Zungeru ce mazaunin gwamnatin da ta aika da sojan.

Labarin aiki ya bazu, mutane suka yi ta zuwa: Hausawa, Nufawa, Yarabawa, Ibo, har da akawuna daga ƙasashen bakin teku. A nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, wanda ya zama shugaban ƙasar Nijeriya na farko. Mahaifinsa akawun gwamnati ne, shi ya sa Azikiwe ya tashi da jin Hausa.

To, amma zaman bai daɗe ba. Turawa suka yi ta kuka da zafin wurin, da sauro, da zazzaɓi. Sa'an nan jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, aka ga ba a bukatar kogi kamar dā. A 1917 gwamnati ta tattara ta koma Kaduna. Soja suka bi, akawuna suka bi, 'yan kasuwa da yawa kuma suka bi su. Gidaje suka zama kango, ciyawa ta rufe hanyoyi. Har 'yar gadar ƙarfe da ake kira Gadar Lugga, a 1954 aka kwance ta aka kai Kaduna.

Duk da haka garin bai mutu ba, gama gwamnati ce ta tashi, kogi da gonaki suna nan. Mutane suka ci gaba da noman doya da shinkafa da dawa da masara, masunta kuma suna kama kifi. Yanzu Zungeru tana cikin ƙaramar hukumar Wushishi, kuma akwai babbar makarantar fasaha ta Jihar Neja a garin. Kusa da shi an datse Kogin Kaduna, an gina madatsar ruwa mai iya ba da lantarki megawat 700, aka gama ta a 2023. Wato kogin da ya kawo Turawa shi ne yau yake haskaka garuruwa masu nisa.

Na tsofaffin gine-ginen kuwa, saura ginshiƙai da harsashi da maƙabartar Turawa. Kowace damina ruwa yana ƙara cinsu. In ba a kula da su ba, wata rana yaro zai tambaya ina aka zauna aka mulki Arewa, a rasa abin da za a nuna masa.

Tambayoyi

1. Mene ne sunan Zungeru na asali?
2. Don me Gwamna Lugga ya bar Jaba?
3. Faɗi dalilai biyu da suka sa gwamnati ta koma Kaduna.
4. Me ya hana garin mutuwa bayan 1917?
5. Wane tsohon gini ne a garinku ya kamata a kiyaye?