Amsoshin Tambayoyinku: Asalin Kiran Sawaba

Malam mai sauraronmu daga Zinder, ka tambayi asalin kiran Sawaba a Arewacin Najeriya.

To, Malam, a ranar 8 ga Agustan 1950 ne waɗansu samari takwas a Kano, waɗanda zaluncin hukumar En'e da nauyin haraji da jangali suka ishe su, suka kafa jam'iyyar NEPU mai kiran Sawaba, wadda daga bisani Malam Aminu Kano ya shugabanta, yana kafa hujja da adalcin da shari'a ta wajabta wa sarakuna. Magoya bayanta, teloli da 'yan koli da almajirai, sun sha bulala da ɗauri, har da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Harajin kuwa, sai a 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke shi.