Yadda Ake Naɗar Sautin Kwamfuta Alhali Tana Haɗe da Talabijin

A garuruwan da ke kewayen Abuja, irin su Paikon Kore da ke ƙaramar hukumar Gwagwalada, haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka da talabijin ya zama ruwan dare a gidajen kallo da makarantu da wuraren taron wayar da kai, domin allon laftof ba ya isar jama'a idan sun haura mutum biyar ko shida. Sau da yawa abin da ake nunawa, ko tafsiri ne da ake yaɗawa kai tsaye a YouTube, ko lacca ce ta Zoom, ko bayani kan rigakafin cututtukan dabbobi ga makiyayan da ke zaune a wurin kiwo na garin, yakan zama abin da ake son ajiye sautinsa domin a tura wa waɗanda ba su halarta ba ta WhatsApp ko a zuba musu a memori. A nan ne mai aikin kan gamu da abin da ke ɗaure masa kai: manhajar da ta saba naɗar sauti lafiya ƙalau sai ta fito da fayil wanda babu komai a cikinsa sai shiru, alhali kowa a ɗakin ya ji maganar tana fita daga talabijin.

Dalilin yana cikin hanyar da sautin ya bi, kuma wanda ya fahimci wannan ya gama rabin aikin. Wayar HDMI, wadda aka fitar da ƙa'idarta ta farko a ƙarshen shekarar 2002, tana ɗauke da hoto da sauti tare a cikin sigar lambobi, saɓanin tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai da kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, wadda hoto kaɗai take kaiwa. Da zarar an soka HDMI, Windows yakan ɗauki talabijin a matsayin sabuwar na'urar fitar da sauti, ya karkatar da komai zuwa gare shi ta ɓangaren da ke kula da hoto, wanda yawanci na Intel ne ko AMD ko NVIDIA. Shi kuwa Stereo Mix, wato zaɓin da masu gyaran kwamfuta suka saba koya wa mutane domin naɗar abin da kwamfuta ke faɗa, mallakin ɓangaren sauti ne na cikin laftof, galibi ƙirar Realtek, kuma ba ya jin komai sai abin da ya ratsa ta cikinsa zuwa sifikar laftof ko ramin iyafis. Halinsa ya zama kamar na fasinjan da ke jira a tasha, alhali motar ta bi wata hanya.

Matakin farko shi ne tabbatar da inda sautin yake fita. Bayan an haɗa wayar an kunna talabijin, an kuma zaɓi kafar HDMI da ta dace da rimot, sai a danna maɓallin Windows tare da harafin P domin a zaɓi ko dai a maimaita allon laftof a talabijin ko a faɗaɗa shi. Daga nan sai a danna alamar sifika da ke kusa da agogo a ƙasan allo, inda za a ga jerin na'urorin fitar da sauti, kuma talabijin yakan bayyana da sunan kamfaninsa, kamar LG TV ko SAMSUNG, wani lokaci kuma da wasu haruffa da lambobi da ba su da ma'ana ga mai kallo. Wannan sunan ne ya kamata a riƙe da kyau, domin shi za a nema a cikin manhajar naɗi.

Manhajar da ta fi dacewa da wannan aiki ita ce Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka kuma sake ta ga jama'a kyauta a shekarar 2000. A buɗe ta bayan an haɗa talabijin, saboda tana tattara sunayen na'urori ne a lokacin da take tashi; idan kuwa an riga an buɗe ta, akwai umarnin Rescan Audio Devices da ke sa ta sake dubawa. A ƙarƙashin Audio Setup, wurin da aka rubuta Host sai a canza shi daga MME zuwa Windows WASAPI, wanda tsari ne da Microsoft ya shigo da shi tun zamanin Windows Vista, kuma yana ba manhaja damar kwafar sautin da ake aikawa zuwa kowace na'ura kafin ya bar kwamfutar. A jerin Recording Device za a ga sunan talabijin da kalmar loopback a ƙarshensa, ma'ana sautin da aka juyo da shi baya, kuma shi ne abin zaɓa. Sai a bar tashoshin naɗi a kan biyu, hagu da dama, domin idan adadinsu bai yi daidai da yadda Windows ya saita talabijin ba, manhajar takan ƙi farawa ta nuna saƙon kuskure. Haka nan yana da kyau a sa adadin samfurin sauti a kan 48,000 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin da bidiyo da HDMI suka fi amfani da shi, a maimakon 44,100 na faifan CD.

Akwai ɗabi'a guda ta wannan hanya da ke ruɗa sabon shiga, wato idan babu sautin da ke tafiya zuwa talabijin, naɗin yakan tsaya cik kamar manhajar ta lalace. Saboda haka ana fara kunna bidiyon ko shiga taron, sannan a danna jan maɓallin naɗi, daga baya a yanke abin da ba a so a farkon. Dole ne kuma a kashe zaɓin da ke mayar da abin da ake naɗa zuwa sifika, wanda tsofaffin nau'o'in manhajar ke kira Software Playthrough, in ba haka ba sautin zai riƙa zagayawa yana ninka kansa har ya koma kuwwa. Ma'aunin ƙarfin sauti da ke saman allo shi ne abin lura a gwajin minti ɗaya da ya kamata a yi kafin jama'a su zauna: ana so layukan su riƙa kaiwa wajen -6, kada su taɓa sifili, inda murya ke fashewa. Rimot ɗin talabijin ba shi da tasiri a kan naɗin ko kaɗan, don an riga an kwafi sautin kafin ya shiga waya, amma rage ƙarar a cikin YouTube ko VLC yana rage ta a fayil ɗin ma.

Falalar wannan hanya a kan ɗora wayar hannu gaban sifika, wanda shi ne abin da akasarin mutane ke yi, babba ce ƙwarai, domin rugugin janareta da ƙarar babura da surutun 'yan kallo ba sa shiga ciki ko ɗis. Sai dai duk abin da kwamfutar ta furta yana shiga, har da ƙarar shigowar saƙon WhatsApp da gargaɗin ƙarewar batir, don haka a rufe sauran manhajoji, a kuma kunna yanayin hana damuwa na Windows kafin a fara. Muryar mai magana a ɗakin ma ba ta shiga, ko da a taron Zoom ne, tun da ita ta makirufo take bi. Wanda ke son haɗa biyun, ko yana son hoto tare da sauti, ya fi masa sauƙi ya yi amfani da OBS Studio, inda zai zaɓi talabijin a ƙarƙashin Desktop Audio ya kuma ƙara makirufo a gefe.

Abin da littattafan koyarwa na ƙasashen waje ba sa kawowa, kuma shi ne ya fi shafar mai aiki a Paikon Kore, shi ne ɗaukewar wuta. Laftof yana da batir, talabijin ba shi da shi. A daƙiƙar da wutar AEDC, wadda har gobe jama'a ke kira NEPA, ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare, talabijin yakan ɓace daga jerin na'urorin Windows, sautin ya koma sifikar laftof, naɗin da aka ɗaure wa sunan talabijin kuma ya yanke a nan take, alhali malamin yana ci gaba da karatu. Ko an tayar da janareta cikin minti biyu, sai an sake zaɓen na'urar an fara sabon naɗi, kuma abin da ya wuce a tsakani ya wuce ke nan idan shirin kai tsaye ne.

Saboda wannan ne ya fi dacewa, a duk inda wuta ba ta da tabbas, a raba hoto da sauti. Ana barin HDMI ta kai hoto talabijin, sannan a koma alamar sifika a mayar da fitar sauti zuwa laftof, a soka ƙaramar waya mai kan milimita 3.5 a ramin iyafis a kai ta amfilifaya ko sifika mai caji, irin wadda ake gani a wuraren biki da bakin kasuwa. A Audacity kuma sai a zaɓi loopback na Speakers ko Headphones, gwargwadon sunan da ya bayyana bayan an soka wayar. Da wannan tsari, ko talabijin ya mutu naɗin yana nan yana tafiya muddin batir da intanet ba su yanke ba, kuma ko Stereo Mix ma yana dawowa aiki, ga wanda ya fi sabawa da shi, bayan an fito da shi ta Show Disabled Devices a shafin Recording na saitin sauti. Sharaɗin kawai shi ne kada kowa ya zare wayar iyafis ɗin a tsakiyar aiki, domin a kwamfutoci da dama hakan ma canza na'ura ne. Masu MacBook suna buƙatar ƙarin manhaja irin BlackHole, tun da Audacity ba ta da wannan zaɓin a can.

Ya kamata a sani cewa iya naɗar abu ba ya halatta rarraba shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙoƙi da finafinai da shirye-shiryen da aka watsa, kuma masana'antar Kannywood ta daɗe tana kokawa da asarar da masu kwafi ba izini ke jawo mata. Lacca ko taro kuwa, a nemi yardar mai magana tun kafin a danna maɓalli.

Idan an kammala, a tsayar da naɗin a ajiye aikin kafin a taɓa komai, sannan a yanke shirun farko da na ƙarshe, a bi da umarnin Normalize domin ƙarar ta daidaita. Wajen fitarwa ta Export Audio ne ake duba halin masu karɓa: awa guda a sigar WAV tana cin fiye da megabait 600, a MP3 mai kilobit 128 tana cin kusan 58, idan kuwa magana ce zalla aka mayar da ita tasha ɗaya a kilobit 64, ba ta wuce megabait 30 ba, kuma muryar tana fita tas a ƙaramar wayar da ke karɓar memori. A sa wa fayil ɗin sunan mai magana da ranar taron, a kuma saurare shi a irin wayar da za a tura wa kafin a raba.